Waliyyi Damiyan na Molokai, Firist ɗin da Ya Zama Ɗaya da Jama'arsa

A ranar 10 ga watan Mayu ta kowace shekara Ikilisiya takan yi bikin tunawa da Waliyyi Damiyan na Molokai. Yawancin tsarkaka ana tunawa da su ne a ranar da suka bar duniya, amma shi wannan bawan Allah an zaɓa masa ranar da ya sa ƙafarsa a wani lungu na tsibirin Molokai, cikin Tekun Pasifik, inda hukuma take kai masu cutar kuturta ta bar su. Ya shiga cikinsu yana da shekara 33, lafiyayye mai ƙarfi, ya zauna da su shekara 16, ya kamu da cutarsu, ya kuma mutu a hannunsu. Tarihinsa yana bayyana mana ma'anar abin da muke furtawa kowace Lahadi sa'ad da muke shaida bangaskiyarmu ga tarayyar tsarkaka, wato cewa ran mutum a ɗaure yake da ran jama'ar da yake zaune a cikinta, tun daga wannan duniya har zuwa gaban Allah.

Asalinsa da kiransa

An haife shi ranar 3 ga Janairu 1840 a ƙauyen Tremelo, a ƙasar Beljiyam, aka yi masa baftisma da sunan Yusufu. Sunan gidansu De Veuster, shi ne kuwa ɗa na bakwai a wurin iyayensa. Mahaifinsa manomi ne, yana kuma cinikin hatsi. Gida ne na masu tsoron Allah, gama yayyensa mata biyu sun zama sistoci, wansa kuma ya shiga ƙungiyar Tsarkakan Zukatan Yesu da Maryamu, inda ya ɗauki sunan Famfil.

Yusufu ya bar makaranta yana ɗan shekara 13 domin ya taimaki mahaifinsa a gona. Aikin gona ya ba shi ƙarfin jiki da sabo da aikin hannu, waɗanda daga baya suka zama masa kayan hidimar Allah. A 1858 mahaifinsa ya tura shi wata makaranta ya koyi Faransanci, da nufin ya dawo ya gaji cinikin gida. A can ne kiran Allah ya yi ƙarfi a zuciyarsa, har ya bi sawun wansa ya shiga ƙungiyar a birnin Luven a 1859. Ya ɗauki sunan Damiyan, sunan wani likita na zamanin Ikilisiyar farko wanda ya ba da ransa saboda bangaskiya.

Da fari shugabanninsa sun ga kamar iliminsa bai kai na firist ba, gama bai san Latin ba. Wansa ya zauna ya koya masa, shi kuwa ya dage har aka yarda ya shiga karatun firistoci. Ranar 7 ga Oktoba 1860 ya ɗauki alkawaransa. Bisa al'adar ƙungiyar, mai ɗaukar alkawari yakan kwanta a ƙasa a lulluɓe shi da mayafin da ake rufe akwatin gawa, alamar cewa ya mutu ga son kansa, rayuwarsa ta zama ta Kristi da ta 'yan'uwa. Damiyan bai manta da wannan mayafi ba har ƙarshen ransa.

A wancan lokaci kowace rana yakan yi addu'a a gaban hoton Waliyyi Faransis Zabiya, yana roƙo a aike shi aikin bishara a ƙasa mai nisa. A 1863 aka zaɓi Fada Famfil ya tafi tsibiran Hawai, sai zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi. Damiyan, wanda ba a ko naɗa firist ba tukuna, ya roƙi a bar shi ya tafi a madadin wansa, aka kuwa yarda. Bayan tafiyar fiye da wata huɗu a kan teku, ya sauka a Honolulu ranar 19 ga Maris 1864, ranar bikin Waliyyi Yusufu. Bishof Luwis Maigret ya naɗa shi firist ranar 21 ga Mayu na wannan shekara. Ya yi kusan shekara tara yana hidima a babban tsibirin Hawai, a yankunan Puna da Kohala da Hamakua, yana yawo a ƙafa da kan doki, yana gina ƙananan majami'u da hannunsa. Ya koyi harshen mutanen, ya ci abincinsu, su kuma suka juya sunansa zuwa bakinsu suna kiransa Kamiano.

Cutar da take raba mutane

A lokacin nan Hawai ƙasa ce mai sarkinta, amma jama'arta suna ƙarewa. Tun da jiragen Turawa suka fara zuwa a 1778, cututtukan da ba a san su a tsibiran ba, irin su agana da ƙyanda, suka yi ta kashe mutane. Ƙasar da a da take da mutane dubu ɗaruruwa, a ƙidayar 1872 mazaunanta duka ba su kai 60,000 ba. Ana cikin wannan hali sai kuturta ta bazu. Ba a san abin da yake kawo ta ba, ba a kuma san maganinta ba. A 1865 Sarki Kamehameha na Biyar ya sa hannu a kan dokar da ta ba hukumar lafiya ikon kama duk wanda aka ga alamar cutar a jikinsa, a ware shi daga sauran jama'a.

Wurin da aka zaɓa wani yanki ne na ƙasa da ya kutsa cikin teku a arewacin Molokai, ana kiransa Kalaupapa. Teku mai haɗari ya kewaye shi ta gefe uku, ta gefe na huɗu kuwa dutse ne a tsaye kamar bango, tsayinsa ya haura ƙafa 1,500. A gabashin yankin akwai ƙauyen Kalawao, nan aka fara sauke marasa lafiya a Janairu 1866. Daga wannan shekara zuwa 1969, lokacin da aka soke dokar, an kai mutane kimanin 8,000 wurin, yawancinsu 'yan asalin Hawai.

Mutanen Hawai mutane ne masu zumunci ƙwarai. Ba al'adarsu ba ce su guji mara lafiya. Iyali sukan kewaye ƙwarya ɗaya su ci wani irin tuwo mai laushi da ake yi da gwaza, wanda suke kira poi, mai lafiya da mara lafiya duka hannu ɗaya. Saboda haka abin da ya fi ba su tsoro shi ne jirgin da yake zuwa ya ɗauke uwa daga 'ya'yanta, ko yaro daga iyayensa, ba kuwa za a sake ganinsa ba. Har suka laƙaba wa cutar suna a harshensu mai ma'anar cutar rabuwa. Iyalai da yawa sun ɓoye marasa lafiyarsu a cikin kwazazzabai. Waɗansu kuma, maza da mata lafiyayyu, suka zaɓi su bi nasu zuwa Kalawao su yi jinyarsu. Irin waɗannan ana kiransu kokua, wato mataimaka.

Hukuma ta zaci marasa lafiyar za su yi noma su ci da kansu, amma wanda yatsunsa suka lalace ba ya iya riƙe fartanya. Abinci da sutura suka yi ƙaranci, ruwa sai an ɗebo daga nesa, babu kuma likitan da yake zaune a wurin a shekarun farko. Mutanen da aka tsinke daga danginsu, aka kuma nuna musu cewa duniya ta gama da su, da yawansu suka fid da rai. Shaye-shaye ya yi yawa, masu ƙarfi suka danne raunana, marayu suka zama bayin manya, waɗanda suka kusa mutuwa kuwa akan bar su su kaɗai. Duk da haka bangaskiya ba ta mutu ba. Tun a 1866 waɗansu Kiristoci 'yan Furotesta daga cikin marasa lafiyar suka kafa ikilisiyarsu mai suna Siloama. Katolika kuma sun sami ƙaramar majami'a ta Waliyya Filomena a 1872, suna ta aika wa bishof roƙo ya ba su firist da zai zauna tare da su.

Zuwansa Kalawao

A farkon Mayu 1873 Bishof Maigret ya tara firistocinsa a garin Wailuku, a tsibirin Maui, domin keɓe wata sabuwar majami'a. Nan ya kawo maganar Molokai. Bai so ya tilasta wa kowa ba, gama ya san aikawa can kusan hukuncin kisa ne. Firistoci huɗu suka miƙa kansu, aka shirya su riƙa karɓa-karɓa, kowa ya yi 'yan watanni. Damiyan ne ya fara tafiya, ya sauka ranar 10 ga Mayu. Bai daɗe ba ya rubuta wa shugabanninsa cewa a shirye yake ya zauna ɗungum, aka kuwa bar shi.

Bai tarar da ɗaki ba. Makonnin farko a gindin wata bishiya ya kwana, kusa da majami'ar Waliyya Filomena. Abin da idonsa ya gani da warin da hancinsa ya shaƙa sun kusa fin ƙarfinsa, har ya koyi shan lofe domin hayaƙin taba ya rage masa warin gyambuna. An gargaɗe shi kada ya taɓa kowa, kada ya ci abinci da kowa. Amma ya lura cewa a wurin mutanen Hawai wanda ya ƙi taɓa ka ya ƙi ka ne, wa'azin ƙauna daga nesa kuwa ba zai shiga kunnensu ba. Sai ya buɗe ƙofarsa ga kowa. Ya wanke gyambuna ya ɗaure, ya sa hannu cikin ƙwaryar poi tare da su, ya shafa wa masu mutuwa mai, ya ɗora Jikin Kristi a kan harsunan da cuta ta ci. Tun a watanninsa na farko, shekaru da yawa kafin cutar ta kama shi, in yana wa'azi yakan lissafta kansa cikin masu kuturta, yana magana da bakin ɗaya daga cikinsu.

A nan ya bi sawun Ubangijinsa. Dokar Musa, kamar yadda take a sura ta 13 ta Littafin Firistoci, ta sa mai kuturta ya zauna a bayan zango shi kaɗai. A sura ta farko ta Bisharar Markus kuwa mun ga Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturun da ya durƙusa a gabansa, sa'an nan ya aike shi wurin firist domin a shaida warkewarsa, ya sami damar komawa cikin mutane. Warkarwar ba ta cika ba sai da mutumin ya koma gida. Damiyan ba shi da ikon warkar da jiki, ba shi kuma da ikon mai da kowa gidansu. Abin da ya iya shi ne ya taimaki mutanen Kalawao su zama gida ga junansu.

Yadda sansani ya zama gari

Ya fara da matattu. Kafin zuwansa akan binne matalauta a rami marar zurfi, ba akwati, har dabbobi sukan tone su. Damiyan ya kewaye makabarta da shinge, ya sassaƙa akwatunan gawa ɗaruruwa da hannunsa, sau da yawa kuma shi yake haƙa kabari. Ya kafa ƙungiyoyin jana'iza domin kada wani ya tafi kabari ba rakiya. Mutumin da ya ga an binne maƙwabcinsa da daraja yakan gane cewa shi ma yana da daraja tun yana raye.

Sa'an nan ya juya ga masu rai. A 1874 wata guguwa ta rushe bukkoki da yawa, sai ya matsa wa hukuma ta aiko da katako, ya tara waɗanda suke da sauran ƙarfi suka gina gidaje masu kyau aka shafe su da farar ƙasa. Suka ja ruwa da bututu daga kwari zuwa cikin gari. Ya ƙarfafa mutane su koma noman dankali da kiwo gwargwadon iyawarsu. Ya tattara marayu, maza daban mata daban, ya gina musu wurin kwana kusa da gidansa. Ya shiga wuraren da ake dafa giya da sandarsa a hannu ya tarwatsa su, abin da ya jawo masa ƙiyayyar waɗansu. Ba ya yin aiki shi kaɗai in akwai wanda zai iya kama masa, ko da mai yatsa biyu ne, gama ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ya kuma san wanda aka ba aiki an mai da shi mutum.

Zuciyar garin kuwa ita ce majami'a. Ya faɗaɗa ta, ya huda ƙananan ramuka a daɓenta domin waɗanda cutar ta hana su riƙe yawu su iya zama cikin Misa ba tare da kunya ba. Ya kafa ƙungiyar mawaƙa da ta masu busa da kiɗa. A bikin Jiki da Jinin Kristi akan yi jerin gwano a zaga gari da furanni da waƙoƙi, makafi da guragu duka a ciki. Ya shirya sujada a gaban Sakramenti Mai Albarka, mutane suna karɓar juna sa'a bayan sa'a, suna yi wa danginsu na nesa addu'a. Ta haka waɗanda aka ce an yanke su daga duniya suka zama masu ɗaukar duniya a cikin addu'arsu.

Zumuncin nan bai tsaya kan Katolika kaɗai ba. Magani da sutura da suka shigo hannunsa yakan raba wa kowa. Ɗaya daga cikin abokansa na kusa shi ne Jonatan Napela, wani babban mutum ɗan Hawai, shugaban 'yan ɗarikar Mormon a wurin, wanda ya biyo matarsa a matsayin kokua a 1873, ya kamu da cutar, ya rasu a 1879. A 1881 Gimbiya Liliuokalani, ƙanwar Sarki Kalakaua, ta ziyarci wurin. Abin da ta gani ya sa ta kasa yin jawabin da ta shirya, bayan ta koma kuma aka aiko wa Damiyan lambar girma ta masarautar.

Shi ma mabukaci ne

Kada mu ɗauka cewa Damiyan mai bayarwa ne kawai, sauran kuwa masu karɓa. Mutum ne mai taurin kai da saurin fushi, ya sha saɓani da hukumar lafiya, da shugabanninsa, da firistocin da aka aiko su taya shi. Zama da marasa lafiya ne ya yi ta goge shi. Daga wurin kokua, waɗanda suka riga shi barin kome saboda ƙauna, ya ga irin amincin da shi ma aka kira shi gare shi. Daga wurin masu mutuwa cikin haƙuri ya koyi yadda zai karɓi tasa mutuwar.

Babban gicciyensa shi ne kaɗaici. Ya yi watanni da yawa ba wani firist kusa da zai furta masa zunubansa. A shekararsa ta farko, lokacin da hukuma ta tsananta dokar hana shiga da fita, shugabansa ya zo a jirgin ruwa amma aka hana shi sauka. Damiyan ya shiga kwalekwale ya je gefen jirgin, ya furta zunubansa da babbar murya cikin Faransanci, fasinjoji suna kallo, ya karɓi gafara daga bakin jirgin. Mutumin da yake ɗauke da gari guda a kafaɗarsa ya san cewa ba zai iya gafarta wa kansa ba, yana bukatar ɗan'uwa.

Wajen ƙarshen 1884 ya tsoma ƙafarsa cikin ruwan zafi, fata ta sale amma bai ji zafi ba. Ya san ma'anar wannan alama. A 1885 likita ya tabbatar cewa kuturta ce. Daga nan aka taƙaita masa zuwa Honolulu, waɗansu kuma suka fara yaɗa ƙarya cewa lalata ce ta jawo masa cutar, gama a lokacin mutane da yawa sun ɗauka haka ake kamuwa da ita. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai. Amma bai rage aiki ba, sai ma ya ƙara sauri, yana gini yana faɗaɗa gidan marayu.

Allah kuwa bai bar shi ya ƙare shi kaɗai ba. Labarinsa ya bazu, taimako ya fara zuwa daga nesa, har wani limamin Angilikan a birnin Landan, Hugh Chapman, ya yi ta tara masa kuɗi. A 1886 Yusufu Dutton, tsohon sojan Amurka mai neman yin tuba saboda rayuwarsa ta baya, ya zo ya zama hannun damansa, ya kuwa zauna a wurin fiye da shekara 40. A 1888 Fada Luwis Conrardy ya iso, a Nuwamba na shekarar kuma Uwa Mariyan Cope ta zo da sistocinta na ƙungiyar Waliyyi Faransis, suka karɓi kula da mata da 'yan mata. Damiyan ya ga cewa marayunsa sun sami uwa.

Mutuwarsa da abin da ya biyo baya

A ƙarshen Maris 1889 ya kwanta. Ya furta zunubansa, ya sabunta alkawaransa, ya karɓi shafewar marasa lafiya. Ya rasu da safiyar 15 ga Afrilu 1889, ranar Litinin ta Mako Mai Tsarki, yana da shekara 49. Jama'arsa suka ɗauke shi suka binne shi a gindin bishiyar nan da ya fara kwana, a tsakiyar waɗanda shi ya binne.

Bayan mutuwarsa wani fasto a Honolulu ya rubuta wasiƙa yana ɓata sunansa, wasiƙar kuwa ta fita a jarida. Shahararren marubucin nan Robert Louis Stevenson, wanda ba Katolika ba ne amma ya ziyarci Molokai ya ji shaidar mazaunanta, ya mai da martani a 1890 ya kāre shi a gaban duniya. A 1936, bisa roƙon Sarki Leopold na Uku, aka tone gawarsa aka kai Beljiyam aka binne a Luven. Mutanen Kalaupapa suka yi kuka, gama an sake raba su da nasu. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana shi Mai Albarka a birnin Burasels ranar 4 ga Yuni 1995, a watan Yuli na wannan shekara kuma aka mai da ƙasusuwan hannunsa na dama aka binne a kabarinsa na farko. Hannun da ya wanke gyambuna ya sassaƙa akwatuna ya koma wurin jama'arsa. Paparoma Benedikt na Sha Shida ya sa shi cikin jerin tsarkaka ranar 11 ga Oktoba 2009, Uwa Mariyan kuma ta bi bayansa a 2012.

Abin da ya shafe mu

A shekarar da Damiyan ya sauka Molokai, wato 1873, wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar da take kawo kuturta. Yau an san cewa cutar ba gado ba ce, ba la'ana ba ce, ba kuma sakamakon zunubi ba. Ba ta da saurin yaɗuwa, jikin yawancin mutane ma yana iya kāre kansa daga gare ta. Tun shekarun 1940 aka sami magani, tun 1995 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da haɗin magungunan da suke warkar da ita kyauta, cikin wata 6 zuwa 12. Wanda ya fara shan magani ba ya ƙara yaɗa ta, wanda kuma ya je asibiti da wuri yakan tsira da yatsunsa da idanunsa. Har yanzu ana samun sababbin masu cutar a Nijeriya kowace shekara, abin da yake sa da yawa su makara kuwa shi ne tsoron kada a guje su. Duk wanda ya ga tabo a fatarsa wanda ba ya jin taɓawa, ya je asibiti, mu kuma kada mu sa ya ji kunyar zuwa.

Amma cutar rabuwa tana da kamanni da yawa. A kowace ikilisiya akwai wanda aka mai da shi Kalawao ba tare da jirgin ruwa ba. Akwai mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau da ba a son zama kusa da shi, da mai taɓin hankali da aka kulle a bayan gida. Akwai gwauruwar da aka jinginawa maita, da wanda ya fito daga kurkuku, da iyalin da rikici ya kora daga ƙauyensu suka zo suka raɓe a gefen garinmu. Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa Ikilisiya jiki ɗaya ce mai gaɓoɓi da yawa, ciwon gaɓa ɗaya kuwa ciwon jiki ne duka. Kakanninmu ma sun ce abin da ya taɓa hanci, ido ruwa yake yi. Majalisar Vatikan ta Biyu, a koyarwarta a kan Ikilisiya ta 1964, ta tuna mana cewa nufin Allah ne ya tsarkake mu ya cece mu a matsayin jama'a ɗaya, masu alaƙa da juna. In haka ne, ikilisiyar da ta bar ɗaya daga cikin 'ya'yanta a waje ita ma ta rasa wani abu na lafiyarta.

Ba dukanmu aka kira mu haye teku ba. Amma Zumuntar Mata, da ƙungiyar matasa, da katikis, da kowane mai gida suna iya tambayar kansu wane ne ya daina zuwa Misa ba wanda ya bi sawunsa, wane ne yake jinya ba mai gaishe shi, gawar wa aka kai makabarta ba rakiya. Zumunta a ƙafa take. Damiyan ya fara ne da zuwa, da zama, da cin abinci a ƙwarya ɗaya, sauran ayyukan duka daga nan suka tsiro.

Bari Allah, wanda ya haɗa mu jiki ɗaya ta wurin baftisma, yana kuma ciyar da mu daga bagade ɗaya, ya ba mu zuciyar da za ta gane Ɗansa a fuskar waɗanda aka ware. Waliyyi Damiyan na Molokai, ka yi addu'a dominmu. Amin.